Wankan Jegon Autarmu

A ɗakin kimiyya na makarantar 'yan matan da nake koyarwa a nan Daura akwai wani mutum na roba. Ba shi da hannu, ba shi da ƙafa, ƙirjinsa da cikinsa a buɗe suke. Ana zare masa huhu, a ciro zuciya, a ɗaga hanta, a fito da hanji a dunƙule, in an gama a mayar da kowa mazauninsa. Ƙodarsa ɗaya ta ɓata tun kafin a kawo ni makarantar, ba wanda ya san inda ta yi. Ɗalibaina, marasa kunyar banza, Angon Malama suke ce masa, wai don kullum ina rungume da shi daga wannan aji zuwa wancan.

Da shi nake koyar da sassan jikin ɗan Adam da aikin kowanne. Wannan makon na numfashi ne, mu yi hanci da maƙogwaro da huhu. Mako mai zuwa na zagayawar jini, zuciya da jijiyoyinta. Sai na narkar da abinci, sai na fitar da ƙazanta, inda ƙoda ke tace jini ta tura fitsari mafitsara. Kowanne da babinsa, kowanne da zanensa a allo, haka kuma ake tambayarsu a jarrabawa. Na daɗe ina yin haka ba tare da ya dame ni ba. Sai da ƙanwata ta yi haihuwar fari, a shekarar da muka rasa ta, na ga da idona cewa a jikin mai rai ba wani babi.

Ni ce 'yar fari a gidanmu, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Kunya ce irin ta iyayenmu. "Ke" take ce mini, da na fara aiki ta koma "Malama", shi ma sai in za ta yi mini gatse. Duk son da kunya ta hana ta nuna mini, a kan ƙanwar tawa, Auta, ta juye shi. Auta ce ke kwana a gadonta har ta yi aure, Auta ce ake ɓoye wa ƙanzo. Ban taɓa jin haushi ba, wallahi, don ni ma goya ta na yi, kuma yarinya ce mai shiga rai, ga surutu ga dariya. Ta auri wani yaron kirki mai sana'ar dabbobi a wajen Mashi. Da cikinta ya tsufa aka dawo da ita gidanmu na cikin gari, can kusa da Kusugu, don ta haihu a gaban uwarta ta yi wanka.

A kan wankan jego kuwa, Inna ba ta da na biyu a unguwarmu. Har daga garin Babban Mutum, inda danginta suke, aiko mata ake yi ta je ta yi wa 'ya'yansu. Tun rasuwar Baba, wannan ne abin da take ɗaga kai da shi a cikin mata. Rabin duro take ɗorawa a murhu bayan ɗaki, ta cika shi da ruwa, ta hura wuta har ya riƙa tsalle. Sai ta ɗaure ganyen darbejiya dami guda, ta tsoma, ta riƙa fyaɗa wa mai jego a baya da ciki da cinya, safe da yamma, har a yi arba'in. Ana fitowa ga kunun kanwa a kwano, kanwar ta ji har kunun ya canza launi. Ruwan sha ma sai mai zafi. A ƙarƙashin gado kuma kaskon garwashi. Duk don kada sanyi ya shiga jikin da haihuwa ta buɗe, don a wajen Inna ba abin da ke kashe mai jego irin sanyi.

In faɗi gaskiya, ni ma haka ta yi mini a duk haihuwata, kuma ga ni nan garau. Wannan ita ce hujjarta, kuma hujja ce mai nauyi.

Auta ta sauka lafiya, aka samu 'ya mace. A tsakiyar bazara ne, lokacin da kaji ke buɗe baki a inuwa. Mijinta ya aiko da itacen wanka mota guda, aka jibge shi a tsakar gida, mata suna ta yaba masa. Aka yi suna, aka ci aka sha, kowa ya watse.

Bayan suna da 'yan kwanaki na biyo daga makaranta da rana, na tarar da Auta a zaune a bakin gado, ta jingina da bango, tana shayar da jaririya. Na ce ta kwanta mana ta huta. Ta ce, "Yaya, in na kwanta numfashina ɗaukewa yake. Zaman ya fi mini." Tana maganar tana wani ɗan tari busasshe. Na dubi ƙafafunta, sun yi sumul, idon sawu ya ɓace. Na durƙusa na danna ƙaurinta da babban yatsa, na ɗaga. Ramin yatsan ya zauna yana kallona, ya ƙi cikowa.

Ban san sunan ciwon ba, ni ba likita ba ce. Amma na san ruwa ne ya taru inda bai kamata ba, kuma na san in ruwa ya taru haka, ko zuciya ce ta gaza tura shi, ko ƙoda ce ta gaza fitar da shi.

Na fita na samu Inna tana iza wuta. Na ce, "Inna, kin ga ƙafar yarinyar nan kuwa?"

Ta ce, "Na gani tun kafin ki gani. Sanyi ne. Ranar suna ta yi ta zirga-zirga ba takalmi, kuma na kama ta tana kurɓar ruwan randa. Ai na ƙara mata kanwa, zai fita."

Na ce, "Kin ƙara? Innalillahi! Inna, kanwar nan gishiri ce fa. Ita ke riƙe ruwan."

Ta miƙe ta dube ni sama da ƙasa. "To, Malama. Yau kuma ni za a koya wa jego? Da wace kanwar aka raya ki? Ki je ki yi wa 'yan makarantarki, nan ba aji ba ne."

Ni kuma ba a taɓa ni in yi shiru, halin da Inna ke cewa na gado daga dangin Baba. Na ɗaga murya, ita ma ta ɗaga. Gwaggo, ƙanwar Baba da ta zo taya zaman jego, ta fito tana salati, tana cewa boko ya ɓata yara. Auta na ciki tana kiran, "Yaya, don Allah ki bari." Na bari, na tafi gida ina huci.

Abin bai tsaya ba. Kumburin ya hau gwiwa, ya hau cinya. Cikinta da ya fara komawa ya sake tasowa, in an taɓa ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama sai ta yi ƙara. Daga ɗaki zuwa bayan gida sai ta tsaya ta dafa turmi ta huta. Duk abin da ya ƙaru a jikinta, Inna sai ta ƙara itace.

Ranar da mijinta ya zo dubiya na tare shi a zaure. Na faɗa masa abin da nake gani. Ya sunkuyar da kai yana murza hula, ya ce, "Yaya, ni ma hankalina bai kwanta ba. Amma ni me zan ce a gaban Inna? Surukata ce, kuma a gidanta take."

Na ce, "Kada ka ce komai. Kawo mota kawai, maganar ka bar mini."

Ya kawo. Inna ta tsaya a ƙofar ɗaki ta ce mai jego ba ta fita kafin arba'in, iskar titi za ta ƙarasa ta. Na ce ko dai a ba ni hanya ko in tara unguwa. Ba maganata ce ta sa ta kauce ba. Auta ce ta yunƙura za ta yi magana, tari ya sarƙe ta, har leɓenta ya yi duhu. Inna ta ɗauko bargo, a wannan zafin, ta lulluɓe ta tun daga kai, ta shiga motar ta rungume ta.

Likitar da ta duba ta wata mace ce mai sanyin murya. Ta sa aka ɗauki hoton ƙirji, ta saurari bayanta, sannan ta zaunar da mu ni da Inna ta yi mana bayani da Hausa tsantsa. Ta ce akwai matan da zuciyarsu kan raunana bayan haihuwa, ta buɗe, ta yi laushi, ta kasa matsa jini da ƙarfi. In jini bai isa ƙoda sosai ba, sai ƙoda ta zaci jiki ne ya bushe, ta riƙe gishiri da ruwa. Ruwan ya koma cikin jini, ya ƙara wa zuciyar kaya. Abin da ta kasa turawa gaba sai ya taru a baya: ya cika huhu, shi ne tarin da kasa kwanciya, ya kumbura hanta, shi ne ciwon gefen, ya gangara ƙafa. Ta dubi Inna ta ce, "Mama, mata da yawa suna wanka su sha kunu su tashi lafiya, na sani. Amma wannan zuciyar ba za ta iya ba. Kanwa na ƙara mata ruwa, zafi na sa ta gudu. A bar su duka biyun."

Inna ta ce, "To."

Ni da na san "to" ɗin Inna kala-kala ne, na kasa gane wannan wanne ne.

Aka kwantar da Auta, aka yi ta yi mata allurar da ke sa fitsari. Ikon Allah! Cikin 'yan kwanaki ƙafa ta sace, idon sawu ya fito, ta kwanta a bayanta ta yi barci har da munshari. Surutunta ya dawo. Ta riƙa tsokanata wai in kawo mata Angon Malama ta gaishe shi, tunda danginsa ne, kayan cikinta, suka yi mata tawaye. Aka sallame ta da ƙwayoyi, aka ce ta riƙa sha kullum, kada a sa mata gishiri da yawa, ta yi wanka da ruwa mai ɗumi kawai, ta dawo a sake dubawa.

A daidai lokacin aka fara jarrabawar fita, aka tura ni sa ido a wata makaranta can bakin iyaka, inda sai dai in kwana a can. Kafin in tafi na kife duron da hannuna, na kwashe kanwar da ke cikin gidan na tafi da ita. Kullum ina bugo waya. Kullum Auta na cewa, "Da sauƙi, Yaya, alhamdu lillahi."

Ranar da na dawo, tun daga zaure na ji muryoyin mata. Maƙwabta ne suka shigo barka da arziki, suna zaune a tabarma. Ɗaya tana cewa, "Masha Allah, kin ga yadda ta murje? Kumatu har sun fito. Kai, hannun Inna daban ne." Wata ta ce, "Ai mijin nan ba zai gane ta ba."

Sai ƙamshin dafaffen darbejiya ya bugi hancina.

Na zarce bayan ɗaki. Duro na kan murhu, ƙasa a jiƙe, ganye a zube. Na shiga ɗakin. Auta na zaune ta jingina da bango kamar wancan karon, fuskarta ta cika ta yi sheƙi, awarwaron hannunta ya nutse a cikin nama. Abin da matan nan ke yabawa a tsakar gida ruwa ne, ba ƙiba ba.

Na ce, "Ina maganin?"

Inna ce ta amsa daga bayana, kuma ba da faɗa ba. Ta ce, "Na ajiye shi. Ke ba ki nan, ba ki ga abin da ya yi mata ba. Yarinya tana ta fitsari kamar an fasa randa, ba dare ba rana. Yawan fitsari ai shi ne sanyin. Ta tsiyaye, ta koma kamar kara, wuyanta duk ƙashi. Wace mai jego kika taɓa gani tana ramewa? In mayar wa mutane ita haka, a ce a gaban uwarta ta yi wanka? Daga daina shan abin nan, dubi yadda jikinta ya dawo."

Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta yi tunani, ta auna, ta ga alama, kuma kowace alama ta karanta ta a juye. Ramar da ta tsorata ta ita ce lafiyar. Cikar da ta faranta mata rai ita ce ciwon.

Na juya kan Auta na ce, "Ke kuma da bakinki da wayarki, kika yi ta ce mini da sauƙi?"

Ta kama hannuna. Tafinta sanyi ƙalau, a ɗakin da ni nake zufa. Tana magana tana tsayawa ta ja numfashi. "Yaya, kada ki ga laifin Inna. Ni na ce a ci gaba. Gwaggo ta ce wadda ba ta cika wanka ba, cikinta ɗanye yake zama har ta mutu, kullum ciwo, har miji ya gaji da ita. Tsoro nake ji. Saura kaɗan fa in yi arba'in. Ki bari in cika, sai in koma shan maganin."

Na fita ban san inda nake taka ƙafa ba. Na sa ƙafa na tunkuɗe duron, ruwan ya kife a kan wuta, toka da tururi suka tashi, matan tabarma suka watse suna salati. Na yi ta faɗa, ban ma san me nake cewa ba. Inna kuwa ta matso wajen murhun. Ta tsuguna tana tsince itacen da bai jiƙe ba tana ajiyewa gefe.

Na kira mijin, na kira mai mota. Kafin motar ta iso, tari ya turnuƙe Auta, wata kumfa mai ruwan hoda ta fito mata ta baki da hanci. Inna ta sa bakin zanenta tana sharewa, tana cewa, "Auta, Autata, dube ni." Wannan karon ba wanda ya yi maganar iskar titi.

A asibiti suka sa mata abin shaƙar iska, suka yi allurai, suka yi duk abin da za su iya. Likitar nan ba ta yi mana faɗa ba, ko kallon banza ba ta yi wa Inna ba. Ta dai ce mu yi ta addu'a.

Na zauna a gefen gadon kwana da kwanaki ina kallon abin da nake koyarwa yana faruwa, ba bisa tsarin littafi ba. Jakar fitsarin da aka rataya a ƙafar gado ta daina cika, na san ƙoda ta tsaya. Farin idonta ya koma rawaya, na san hanta ce. Ko ruwa aka ba ta sai ya dawo, ciki ya daina karɓa. Nononta ya ƙafe, aka kai jaririyar gidana ana ba ta madara. Yatsunta suka yi sanyi suka yi duhu, don zuciya ta janye jini daga nesa tana tattalin na kusa. A aji nakan ciro wa Angon Malama zuciya in riƙe a hannu ina bayani, sauran kayan cikinsa suna zaune lafiya lau, ba ruwansu. Ƙarya ce. Ɗaya na durƙushewa yake jan sauran, su kuma suna faɗuwa a kansa. Na tsani sanin da na yi. Gwaggo da ba ta san komai ba tana ta cewa jiki da sauƙi, kuma ta yarda da abin da take faɗa, ni kuwa ina lissafa abin da ya rage.

Daga ƙarshe abin ya kai ƙwaƙwalwa. Ta daina gane mu sosai. Wata safiya ta buɗe ido ta dube ni ta ce, "Inna, ruwan ya tafasa?"

Inna na tsaye a ɗaya gefen. Ni ce na ce, "Bai tafasa ba tukuna, Auta. Yi barcinki."

Ta rufe ido. Kafin azahar ta cika. Ba ta yi arba'in ɗin ba.

Aka kawo ta gida don a yi mata sutura. Gidan ya cika da mata. Ni ban yi kuka ba a lokacin, fushi ne ya cika ni, kuma na ƙudura a raina ba zan dubi inda Inna take ba. Tana can ƙuryar rumfa a zaune, an kewaye ta, ba ta kuka, ba ta amsa gaisuwa, hannayenta a kan gwiwa.

Tsofaffi biyu na unguwa ne za su yi wankan gawa. Suka ce a ɗan ɗumama ruwa a sa ganyen magarya. Ba wani itace a gidan sai ragowar na jego, wanda mijinta ya aiko, da shi aka hura wutar. Ni na juye ruwan a bokiti, na ɗauka zan kai musu ɗaki.

Sai na ga Inna ta miƙe. Mata suka riƙa cewa, "Zauna, Inna, ba ke za ki yi ba," ta ratsa su kamar ba ta ji. Ta tare ni a ƙofar ɗakin. Na ajiye bokitin, na kawar da kai, ina jiran in ji me kuma za ta ce. Ta durƙusa, ta naɗe hannun riga, ta tsoma gwiwar hannunta a ruwan, yadda ake gwada wa jariri. Ruwan ɗumi ne kawai, ko yaro zai iya wanka da shi.

Ta ɗago ta dube ni. Sai ta kira ni da sunana, sunana na yanka, wanda tunda ta haife ni ban taɓa ji a bakinta ba. Ta ce, "Ruwan nan ya yi mata zafi. Sirka mata."

Na je randa na ɗebo na zuba. Ta sake tsoma gwiwar hannu, ta daɗe ba ta cire ba, sannan ta ce in ƙara.